Minti Huɗu a Kan Rufi

A Osaka, hawa na goma sha bakwai,
fitilar teburina ce ke gardama da dare
har dare ya gaji ya bar mata gari.
Sunana Kurahashi. Shekara ashirin da shida
ina lissafin kusoshi da noti
da ake loda wa jiragen ruwa,
ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ɓace mini ba.
'Yata ce dai na nema a hoton makaranta,
na bi fuskoki da yatsa
sai da uwarta ta nuna mini ita.

A kan rufin kamfaninmu akwai ɗan ɗakin bauta,
bai fi akwatin kaya ba,
da jar ƙofa, da diloli biyu na dutse
masu jan ƙyalle a wuya.
Wanda ya kafa kamfanin ya girka shi
don ciniki ya yi albarka.
Sauya ruwa da gishiri da shinkafa duk Litinin
aikin sabon shiga ne,
ni na ƙwace, don kawai a ce
Kurahashi ba ya barin komai.
Minti huɗu nake ba shi. Na auna.
Rusuno biyu, tafi biyu, rusuno ɗaya,
goshi a ƙasa, ido a agogo.

Ranar cikar kwana arba'in da tara da rasuwar innata,
limamin ƙauyenmu na rera addu'a a Wakayama,
hayaƙin turare na hawa,
ni ina bayan gida da waya a kunne,
wata kwantena ta maƙale a Busan.
Ƙanena Shinobu ya leƙo ya ce,
Yaya, kai ma kana da abin bauta,
naka ne dai ba ya barci, ba ya kuma yafiya.
Na ɗaga masa hannu, ya jira.
Kwantenar ta iso ranar Laraba.

Bara kamfani ya buɗe ɗakin natsuwa a hawa na tara,
da tabarma, da kukan tsuntsaye a rediyo.
Ka goga katinka, a ba ka minti goma sha biyar
ka numfasa, ka koma ka ninka aiki.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Na shiga sau biyu.
Da idona a rufe na gama rahoton wata.

Sai wata Litinin ta Nuwamba
iska ta bugo ƙofar rufi ta kulle ni a waje,
waya tana ƙasa kan tebur.
Na daki ƙarfe har hannuna ya yi tsami.
Na zagi ƙofa. Na zagi dilolin.
Da zagi ya ƙare sai na zauna.

Hankaka ya sauko ya cinye shinkafar
ɗaya bayan ɗaya, bai ko dube ni ba.
Ashe shi nake ciyarwa shekara da shekaru.
Ruwan ƙoƙon ya daina rawa,
sararin sama ya kwanta a cikinsa.
Na ji bakina ya ce Inna,
ban shirya ba, ba ya cikin jadawali.

Ueshima mai shara ce ta buɗe mini,
ta dubi fuskata, ta dubi ƙoƙon,
ta ce, Yau ka zuba ruwan kamar mai bayarwa,
da kamar mai biyan tara kake zubawa.

Saƙo sittin da uku na tarar.
Na amsa duka, ba zan yi muku ƙarya ba,
har yanzu fitilata ce ƙarshen mutuwa.
Amma ran Litinin nakan cire agogo
in bar shi a aljihun tebur yana ta ƙirge shi kaɗai,
in hau.
Ban san wa nake yi wa tafi ba.
Hankakan dai yana zuwa.